Mai sharhin gem a Sakkwato da wayar da dila ya ara masa

Asali: 2021 zuwa ƙarshen 2022

Matashin da wannan nazari ya shafa ɗan cikin garin Sakkwato ne. Bayan ya gama difloma sai ya riƙa taya yayansa tsaron gidan gem a unguwarsu: talabijin huɗu, na'urorin PlayStation 4, benci biyu, da ƙaramin janareta a bayan shago. A nan ya fara sharhi. Idan gwanaye biyu suka haɗu, shi ke tsayawa yana zuba bayani da Sakkwatanci, irin yadda masu sharhin ƙwallo ke yi a rediyo.

A watan Satumba na 2021 kamfanin Konami ya ajiye PES, sunan wasansa na ƙwallon ƙafa, ya fito da eFootball a matsayin wasan kyauta. Fitowar farko ta zo da matsaloli masu yawa, har kamfanin ya nemi afuwa. Matashin ya ɗauki bidiyo da wayarsa yana nuna abin da ya lalace a wasan, da Hausa, bidiyon ya zaga WhatsApp. Daga nan ya buɗe tasha a YouTube, yana yanka gajerun bidiyo zuwa Facebook da TikTok.

Yawancin masu kallonsa ba su da PlayStation. A waya suke wasa: eFootball, Free Fire, PUBG Mobile da Call of Duty Mobile. Tambayar da ta fi zuwa masa ita ce wace waya mutum zai saya da ɗan kuɗinsa ta ɗauki gem. Ta haka ya zama mai bitar wayoyi, alhali ba shi da kuɗin sayen ko ɗaya daga cikin wayoyin da ake tambayarsa.

Bidiyo ɗaya na minti 15 yakan ci masa dare uku na wasa, sai ɗaukar murya bayan sallar isha'i idan hayaniyar titi ta lafa, sai awa biyar zuwa shida na tacewa. YouTube na ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyo mai ingancin 1080, wato megabait 60 a minti, kusan megabait 900 ga minti 15. Saboda haka sai tsakar dare yake ɗorawa, da datar dare mai rahusa. Idan layi ya yanke a tsakiya, wani lokaci sai an sake daga farko.

Kuɗin talla kuwa suna da sharaɗi: mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ba a biya sai kuɗin sun taru sun kai dala 100. Mabiyan sun cika da wuri. Awannin ne suka ƙi cika, domin mutum ɗaya ke sauke bidiyon ya tura wa abokai goma ta Xender ko WhatsApp, kuma YouTube ba ya ƙirga wannan kallon. Ko da ya cika sharaɗin, farashin talla ya danganta ga ƙasar da mai kallo yake, kuma na masu kallo daga Najeriya da Nijar ƙanƙani ne.

Tsadar aiki: Mayu 2023 zuwa farkon 2024

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Yayansa ya rage awannin janareta, ya ce ba a kunna shi sai akwai masu biyan kuɗin wasa. Tacewar dare ta koma sai ranar da aka kawo wuta. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Sabon wasan PlayStation 5, irin EA Sports FC da ya maye gurbin FIFA a Satumban 2023, dala 70 ne, sama da naira 100,000 ke nan a wannan canji. Farashin wayoyi ma ya bi dala.

A wannan hali ne wani dilan wayoyi a cikin gari ya kira shi, a ƙarshen 2023. Sharuɗɗan duk da baki aka yi su. Dila zai ba shi waya ya gwada a cikin shago, zai ba shi kuɗin data kowane wata, da kamasho a kan duk wayar da aka saya aka ambaci sunan tasharsa. Shi kuma zai nuna wa dilan bidiyon kafin ya ɗora. Babu wanda ya ce masa ya yi ƙarya, babu kuma wanda ya kawo maganar sanar da masu kallo cewa akwai kamasho.

A daidai lokacin wani mai sayar da kuɗin cikin gem, wato UC na PUBG da daimon na Free Fire da koyin na eFootball, ya ba shi kuɗi ya sa lambarsa a ƙarƙashin bidiyo. Farashin mutumin ya yi ƙasa da na cikin wasan sosai.

Bitar da ta jawo matsala: Janairu 2024

An yi gwajin a cikin shagon dila, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, a lokacin hunturu. Wayar sabuwa ce fil, babu komai a cikinta sai wasanni biyu. Ya buga minti goma na eFootball da minti goma na Call of Duty, da Wi-Fi na shagon. Komai ya tafi sumul, ya ce wayar ta ɗauki gem, ya ba ta maki 9 cikin 10.

Akwai abin da bai duba ba. Kamfanonin waya kan fitar da waya mai suna ɗaya a nau'i biyu ko uku. Wadda aka ba shi tana da RAM na gaske gigabait 8, wato ƙwaƙwalwar da waya ke riƙe aikin da take yi a lokacin. Wadda ta cika kantar shagon, mai sauƙin kuɗi, gigabait 4 gare ta, amma an rubuta 4+4 a kwali, yaran shago kuma suna ce wa masu saye 8 ce. Ƙarin huɗun nan aro ne daga ma'ajiyar wayar, inda hotuna da bidiyo ke zama, kuma ma'ajiya ba ta kusa da RAM wajen sauri. Yana taimakawa wajen riƙe manhajojin da aka ajiye a baya. Wasan da ke gudana a gaba ba ya samun wani abin kirki daga gare shi.

Ƙorafi: Afrilu 2024

Matasa da yawa sun sayi wayar gab da Ƙaramar Sallah, wadda ta faɗo ranar 10 ga Afrilu. Wannan ne tsakiyar bazarar Sakkwato, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40. Waya ba ta da fanka. Zafin da na'urar sarrafawarta ke fitarwa ta jikin wayar yake fita zuwa iska, idan iskar kanta ta yi zafi babu inda zai je. Galibin wayoyi kan rage gudun kansu idan batir ya haura digiri 40 da 'yan kai, don kada ya lalace. Ga mai wasa, hoto ne zai fara cijewa, ɗan wasa ya ƙi juyawa a kan lokaci. Wanda ke wasa waya na kan caji, cikin rigar roba mai kauri, shi ya fi shan wahala.

Saƙonni suka cika ƙarƙashin bidiyon. Wani yaron shago ya faɗa wa abokinsa maganar kamasho, ta bazu. Wani ya rubuta cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mutane suka yi ta maimaitawa. Yayan wani yaro da ya tara kuɗin wayar wata da watanni ya zo har gidan gem ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, kai kac ce mu saye ta."

Cikin makonnin nan kuma wasu da suka sayi kuɗin gem a wurin mutumin da ya tallata suka wayi gari an rufe musu asusu. Irin wannan rahusa sau da yawa daga katin banki na sata take fitowa, ko daga sayen da ake yi sannan a nemi a mayar da kuɗi. Idan bankin mai katin ya janye kuɗinsa, asusun da aka zuba wa kayan shi kamfanin wasan ke hukuntawa. Mai sayarwar ya kashe layinsa.

Matakan farko: Afrilu zuwa Yuli 2024

Da farko ya share saƙonnin zagi ya toshe masu su. Mutane suka ɗauki hoton saƙonnin kafin a share, suka yaɗa a rukunonin WhatsApp na 'yan gem, inda ba shi da ikon share komai.

Sai ya yi bidiyon neman afuwa na minti biyu, ya ce ɗan Adam ajizi ne. Bai ambaci kamasho ba, bai bayyana bambancin wayoyin biyu ba, bai sauke tsohon bidiyon ba. Wanda ya nemi sunan wayar a YouTube har lokacin maki 9 yake gani.

Na uku shi ne rabon kyautar data ga duk wanda ya bi tashar. Adadin mabiya ya ƙaru, amma mutanen don data suka zo. Sabon bidiyo ya riƙa zuwa gaban waɗanda ba sa buɗe shi, ko su buɗe su fita cikin daƙiƙa 20, tsarin YouTube kuma ya rage nuna shi ga wasu. Awannin kallo suka ragu.

Daga nan ya yanke hulɗa da dila, ya ce ya bar talla gaba ɗaya. Kuɗin data suka tsaya, babu wayar gwaji. Daga bidiyo biyu a mako ya koma ɗaya a wata, kuma abin da yake ɗorawa maimaicin bayanin tashoshin Indiya da Turai ne, waɗanda ke gwaji a yanayin da ba na Sakkwato ba.

Tsarin gwaji: daga Agusta 2024

Wani mai gyaran waya da ke zuwa gidan gem ne ya zauna da shi suka rubuta ƙa'idar gwaji a takarda ɗaya. Abu na farko da suka yi da ita shi ne sake gwada wayar da ta jawo rigima, nau'in 4+4, wadda suka aro daga hannun ɗaya daga cikin masu ƙorafin.

Wayar gwaji ko dai ta mai kallo ce da ya yi aƙalla wata guda yana amfani da ita, ko kuwa kwali ne rufaffe da shi da kansa ya zaɓa daga kanta. A gaban kyamara yake buɗe saitin wayar ya nuna RAM na gaske, da girman ma'ajiya, da sunan na'urar sarrafawa. Ana gwaji da ƙarin RAM a kashe, sannan a kunne.

Lokacin gwaji tsakanin ƙarfe biyu da uku na rana ne, a ɗaki mai fanka kaɗai, da ma'aunin zafi a kan tebur inda mai kallo zai gani. Ana maimaitawa bayan isha'i. Batir a cike, a cire daga caji, hasken fuska rabi. Zagaye ɗaya babu riga, zagaye ɗaya da rigar roba, tunda haka mutane ke riƙe wayoyinsu. Wasa minti 40 ba tsayawa. A minti na 5 da na 20 da na 40 ana rubuta abu uku: adadin hoto a daƙiƙa, zafin batir, da abin da ya rage na caji. Hoto 30 a daƙiƙa na nufin sabon hoto kowane milisakan 33, hoto 60 kuwa kowane milisakan 17. Idan adadin ya faɗi ƙasa da 20, ido na ganin cijewar, kuma a wasan harbi an riga an kashe mutum kafin ya ga abokin gaba.

Ba a ɗaukar bidiyon da wayar da ake gwadawa, domin ɗaukar fuska aiki ne da ke ƙara mata nauyi da zafi, sai sakamakon ya fi gaskiya muni. Wata waya daban ake kafawa a sama ta ɗauki fuskar.

Sai raba laifin waya da laifin layi, abin da masu wasa suka fi rikitawa. Yana fara buga wasa da kwamfutar gem ɗin, inda jinkirin layi ba ya tasiri. Idan ya tafi daidai a nan amma ya cije da aka haɗu da mutum ta intanet, layi ne. Ana auna jinkirin layin da sim biyu na kamfanoni daban, a wuri ɗaya, tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare lokacin cunkoso, da kuma bayan asuba. Yakan faɗi unguwar da aka auna, domin abin da aka samu a Mabera ba lallai ne a same shi a Arkilla ko Runjin Sambo ba.

Ya daina ba da maki. Ƙarshen kowace bita magana uku ce: wanda wayar za ta yi wa, wanda ba za ta yi wa ba, da farashinta a ranar da aka ɗauki bidiyon.

Sakamakon wayar rigimar ya fito a fili. Da dare ta riƙe hoto 30 a Free Fire har ƙarshe. Da rana a Call of Duty ta faɗi ƙasa da 20 kafin minti na 20. A farkon wannan bidiyo ya faɗi sharuɗɗan da suka yi da dila, har kamashon, ba tare da kama sunan kowa ba, ya kuma bayyana yadda rahusar kuɗin gem ke kai ga rufe asusu. Ya sauya sunan tsohon bidiyon ya sa gargaɗi da mahaɗin sabon a samansa.

Inda kuɗi ke fitowa: ƙarshen 2024 zuwa 2025

Wuta aka fara warwarewa. Yayansa ya ranta masa kuɗin faifan sola da batir mai bolt 12, amfiya 100, da ƙaramar inbata. Batirin na ɗaukar wat 1,200 na awa guda a lissafi, amma irin na ruwa rabinsa kawai ake ja idan ana so ya daɗe. Kwamfutar tafi-da-gidanka da fitila da cajin wayoyi biyu kusan wat 100 suke ja, awa biyar ke nan bayan an cire asarar inbata. Ya ishi tacewar dare ɗaya.

Kuɗin shiga ya koma hanya uku. Gidajen gem na biyansa ladan sharhi idan sun shirya gasa. Masu sana'ar da ba ta shafi waya ko gem ba, kamar tela da wata cibiyar koyon kwamfuta, suna sayen daƙiƙa 30 a tsakiyar bidiyo. Na uku ɗan abin da YouTube ke tarawa ne. Duk talla yana faɗinta da baki, da Hausa, cikin daƙiƙa 30 na farko, kuma yana danna alamar tallan da aka biya da YouTube ya tanada. A Najeriya dokar 2022 da ta kafa ARCON, hukumar kula da tallace-tallace, ta shigar da tallan intanet cikin abin da hukumar ke sa wa ido.

Wakilan kamfanonin cacar ƙwallo sun yi masa tayin da ya fi duk waɗannan a haɗe. Ya ƙi, saboda hukuncin caca a addini, kuma yawancin masu kallonsa yara ne da iyayensu suka san gidan gem ɗin. Wannan ya kai shi ga akwatunan sa'a na cikin wasanni, inda mutum ke biyan koyin ba tare da sanin ɗan wasa ko makamin da zai fito masa ba. Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatuna a matsayin caca tun 2018. Apple tun 2017, Google Play tun 2019, sun wajabta wa masu wasanni su bayyana yiwuwar samun kowane abu. Yanzu yakan buɗe shafin ya karanta adadin da Hausa: idan an rubuta kashi 1 cikin 100, buɗewa 50 na barin mutum da yiwuwar kusan kashi 60 cikin 100 na fita hannu rabbana.

A farkon 2025 wani dila na daban ya yarda da sharaɗi a rubuce: zai bari a zaɓi kwali daga kanta, ba zai ga bidiyo kafin a ɗora ba, babu kamasho. Abin da yake samu shi ne a ambaci cewa daga shagonsa aka aro wayar.

Sakamako da hukunci: bazarar 2025

A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Ya mayar da bidiyon hira zuwa ingancin 720, mai cin kusan megabait 560 a minti 15, ya bar 1080 ga gwaji kaɗai. Yana ɗora bidiyo ɗaya a mako. Mabiyan da suka zo don kyautar data sun watse, tsawon lokacin da mai kallo ke zama a bidiyo ya ƙaru. Masu saye sun fara shiga shago suna cewa a buɗe saiti su ga RAM na gaske kafin su biya. Abin da yake samu a wata har yanzu bai kai na lokacin kamasho ba.

A ganinmu, matsalar ta faro ne tun ranar da mai sayarwa ya zama shi ke zaɓar wayar, da ɗakin, da tsawon gwajin, kuma ladan mai sharhi ya rataya ga yawan ciniki. Duk abin da ya faɗa a bidiyon Janairu abin da idonsa ya gani ne, amma an tsara abin da idon zai gani. Manyan kafafe ma sun faɗa wannan rami. A Nuwamban 2007 shafin bitar wasanni na GameSpot ya sallami editansa Jeff Gerstmann bayan ya ba wasan Kane & Lynch maki 6 cikin 10, a lokacin da kamfanin wasan ya cika shafin da talla. A Disamban 2020 masu bitar Cyberpunk 2077 nau'in kwamfuta kawai aka ba su kafin fitowa, yayin da na PlayStation 4 ya lalace har Sony ta cire shi daga shagonta. A 2016 hukumar kasuwanci ta Amurka ta tuhumi kamfanin Warner Bros. da biyan masu YouTube su yabi wani wasa ba tare da an bayyana wa masu kallo yadda ya kamata ba. Matakan matashin huɗu na farko sun gaza ne domin babu wanda ya ba mai kallo hanyar tantance maganarsa. Takardar gwajin ta ba da wannan hanya, tunda duk mai irin wayar zai iya maimaita minti 40 ɗin a ɗakinsa ya ga ko adadin ya yi daidai. Ba ma ganin adalci ne a ɗora masa laifin shi kaɗai. Mutumin da ke aikin dare uku a kan bidiyo ɗaya, ba albashi, ba kuɗin fetur, yana da wuya ya juya wa tayin dila baya, kuma takardar gwaji ba za ta yi aiki ba da ba a samu sola da ladan gasa sun ɗauke masa wannan buƙata ba.

Wasannin PlayStation har yanzu sun fi ƙarfinsa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, sabon wasa ɗaya ya fi haka, kuma manyan kamfanonin wasanni ba sa aiko masa da kwafin bita. Sai wani mai gidan gem ya saya sannan ya ara masa, bitar ta fito bayan mako uku ko huɗu da fitowar wasan. A farkon irin wannan bidiyo yakan faɗi a hannun wa ya ari wasan, da awa nawa ya buga, da ɓangaren da bai kai gare shi ba.